Tsohuwar Tukunya a Ramin Gini: Kada a Fasa, Kada a Wanke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana kan wani abu da ke yawan faruwa a Jos da kewayenta, har zuwa kudancin Kaduna da gefen Abuja, amma ba a cika kawo shi a labarai ba. Leburori suna haƙa harsashin gini, ko masu tonon rijiya, ko masu wankin kuza, sai diga ta ci karo da tsohuwar tukunya, ko kan mutum-mutumi na yumɓu, ko tulin kashin maƙera a dajin da ba wanda ya taɓa jin an yi ƙira a cikinsa. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne ko'ina. A fizgo abin daga ƙasa, a ƙwanƙwasa shi a ji ko da wani abu a ciki, a kai shi bakin famfo a wanke tas, a ɗauki hoto a tura wa abokai. Kafin la'asar an gama da shi. Abin yana nan a hannu, amma shekarunsa da labarin masu shi sun bi ruwan wankin.

Ƙasar nan da muke takawa tana cikin wuraren da masana tarihin Afirka suka fi sa wa ido. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, aka kawo shi Jos aka ajiye. A wajen 1943 aka sake samun wani kan a wata mahaƙa kusa da Jama'a. Akawun mahaƙar ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don ya tsorata masu ɓarna, a can ya zauna yana shan rana da ruwa kafin a kai shi wurin Bernard Fagg, wani jami'in mulkin Turawa a Jos da ya karanci ilimin tonon kayan tarihi. Shi ne ya haɗa wannan da na farko ya ga salon ginin ɗaya ne: ido mai kusurwa uku, huda a ƙwayar ido, gyaran gashi na gwaninta. Daga sunan ƙauyen Nok ne ake kiran waɗanda suka gina su mutanen Nok. Shi Fagg ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Waɗancan na farko a cikin tsakuwar kuza aka same su, kuma a nan matsalarsu take. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, shi ya sa take kwanciya a gindin tsofaffin ƙoramu inda ruwa ya gaji da ɗaukarta. Ruwan da ya tara kuzar shi ne ya kwaso kawunan daga inda aka binne su tun asali, ya cakuɗa su da abin da ya girme su da abin da suka girma. Sai da aka je Taruga, kudu maso gabashin Abuja, a shekarun 1960, aka sami wurin da ruwa bai motsa ba: tanderun narkar da tama guda 13, da gutsattsarin mutum-mutumi, da gawayi, kowanne a inda masu shi suka bar shi. Gawayin nan, wanda duk lebura zai watsar da shebur ba tare da ya duba ba, shi ya nuna cewa ana narkar da ƙarfe a wurin ƙarni huɗu ko fiye kafin Miladiyya.

A nan mutane kan tambaya, kuma tambaya ce mai kyau: wa ya gani? Ta yaya gawayi zai faɗi shekarunsa? Can ƙololuwar sama, wasu haskoki masu ƙarfi da ke shigowa daga wajen duniya suna mayar da kaɗan daga iskar naitirojin wani nau'in kabon da ake kira kabon-14. Tsiro yana shaƙarsa tare da sauran kabon na iska, akuya ta ci tsiro, mutum ya ci akuya. Muddin abu yana raye, rabon da ke jikinsa daidai yake da na iska, kimanin ƙwaya ɗaya a cikin tiriliyan ɗaya. Ranar da aka girbe gero ko itace ya mutu, shigowar sabo ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya ci gaba da raguwa bisa wata ƙa'ida da zafi ko sanyi ko damina ba sa canzawa: rabi yana tafiya duk shekara 5,730. Kamar buhun hatsi ne da aka ce duk wanda ya zo ya ɗebi rabin abin da ya tarar. In ka san yadda buhun yake a cike, ka auna abin da ya rage, ka san zuwa nawa aka yi. Ƙwayar da ta shekara 2,500 a ƙasa tana riƙe da kusan kashi 74 cikin 100 na abin da ta fara da shi, wadda ta shekara 3,500 kuma kusan kashi 65. Bayan shekara 50,000 abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da ba a dogara da shi. Willard Libby ne ya fito da wannan hanya a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi lambar Nobel a 1960. Na'urorin yau ba sa buƙatar abu mai yawa, ƙonanniyar ƙwayar hatsi guda ɗaya tana isa.

Sai dai a lura, hanyar nan ba ta aiki sai a kan abin da ya taɓa rayuwa. Yumɓu bai taɓa numfashi ba, dutse ma haka. Ba tukunyar ake aunawa ba, ƙanzon da ya ƙone a cikinta ake aunawa, ko baƙin da ya maƙale a gindinta, ko gawayin da ke kwance tare da ita a rami ɗaya. Wanda ya ɗauke tukunya ya zubar da ƙasar da ke ciki, ya goge ta da soso, ya zubar da shaidar da kansa.

Ko an sami gawayin ma, akwai hanyoyi da dama da lissafi ke karkacewa. Itace yana ƙara sabon nama ne ta waje, tsakiyarsa kuwa ta daina shaƙar iska tun yana ƙarami. In an ƙona tsakiyar tsohuwar bishiya mai shekara 200, gawayin zai girmi wutar da shekara 200. Shi ya sa masana suka fi son gero da wake, domin damina ɗaya suka yi a duniya. Man inji, kalanzir da kwalta daga man fetur suke, kabon-14 ɗinsu ya ƙare tun tuni. Kashi 1 cikin 100 na irin wannan datti yana ƙara wa samfur kimanin shekara 80, kashi 5 kuma ya haura shekara 400. Hannun da ya taɓa injin ban-ruwa bai kamata ya taɓa gawayin ba. Gara da ɓera da saiwar bishiya su ma suna sauko da sabon abu cikin tsohuwar ƙasa, don haka ba a yanke hukunci da samfur ɗaya, sai an tara da yawa an ga inda suka haɗu. Akwai kuma wata matsala da ba laifin kowa ba ce. Yawan kabon-14 a iska ba tsaye yake ba, yakan hau ya sauka, ana gyara lissafin ne da zoben tsofaffin itatuwa da aka ƙirga shekara-shekara. Tsakanin wajen 800 zuwa 400 kafin Miladiyya, samfuran duk shekarun nan suna ba da sakamako kusan iri ɗaya. Abin haushi, a daidai wannan tsakani ne farkon ƙarfen Nok ya faɗa. Wannan na cikin abin da ya sa masana suke ta muhawara ko mutanen nan su suka gano narkar da tama da kansu, ko kuwa sana'ar ta ƙetaro Sahara ce ta iso gare su.

Gasasshen yumɓu yana da tasa hanyar dabam. A cikin yumɓu akwai ƙwayoyin yashi masu ƙyalli. Ƙasa kuma ko'ina tana ɗauke da ɗan yuraniyom da toriyom da fotasiyom, waɗanda ke fitar da wani tururin ƙarfi da ido ba ya gani. Ƙwayoyin yashin suna tara wannan ƙarfi shekara bayan shekara. Wutar da ta kai wajen digiri 500 a ma'aunin Selshiyos tana zazzage abin da aka tara gaba ɗaya, wato ranar da magini ya gasa tukunya lissafi ya koma sifili. A ɗakin bincike sai a huda ɗan gari daga jikin abin, a dumama shi cikin duhu, ya fitar da wani haske mai rauni, a auna. Yawan hasken shi ne jimillar abin da aka tara. Amma kafin jimilla ta zama shekaru sai an raba ta da abin da ake tarawa a shekara guda, wannan kuwa daga ƙasar da ke kewaye da abin ake sanin sa. A Filato wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin duwatsunmu da tarkacen wankin kuza suna da toriyom fiye da ƙasar wurare da yawa, ramuka biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta. Kan da aka kawo a cikin jaka ba tare da ƙasarsa ba, iyakar abin da za a iya cewa shi ne tsoho ne ko sabo. Masu jabu ma sun san haka. Sukan tattaro gutsattsari na gaske daga wurare dabam-dabam su manne su su fitar da siffa guda, duk inda aka huda sai ya nuna tsufa, alhali siffar kanta ba ta fi 'yan watanni ba. Hoton asibiti mai leƙa cikin abu ne ke tona irin wannan.

Don a ga irin abin da ake asara, a duba aikin da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Yadda ake aikin ba shi da wani sirri, haƙuri ne kawai. A ja igiya a yanka fili murabba'i-murabba'i, a riƙa kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 10 a kowane hawa, duk abin da ya fito a rubuta zurfinsa da wurinsa kafin a ɗaga shi. Ƙasar da aka kankare ba a zubarwa. A zuba ta a bokitin ruwa a motsa, yashi ya nutse, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama, a tace su da rariya mai ido ƙanana ƙwarai, a shanya a inuwa. Da wannan aka san mutanen Nok gero suke nomawa da wake, suna kuma cin atili, wannan dai atilin da ake sayarwa a kasuwannin Jos. Da wannan aka gane zamansu ya faro tun wajen 1500 kafin Miladiyya, ginin mutum-mutumi ya zo daga baya a wajen 900 kafin Miladiyya, al'adar kuma ta ɓace a wajen farkon Miladiyya. A 2021 masana na Jami'ar Bristol ta Ingila da na Frankfurt suka buga sakamakon binciken maiƙon da ya shige jikin tsingaron Nok, suka sami kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da maiƙonsu ya saura. Wato shekara 3,500 da suka wuce ana ɗibar zuma a dajin nan. Da an wanke tsingaron da omo, da ba wanda zai taɓa sani. Ƙasar yankin tana da tsami, ta cinye ƙasusuwan mutane da na dabbobi, saboda haka ɗan abin da ya rage a jikin tukunya da cikin toka shi ne kusan dukkan shaidar abincinsu. Ko kabari ma ba ƙashi ake gani ba, jerin duwatsu ne da tukunya ɗaya ko biyu, wani lokaci da duwatsun wuya a jere yadda zare ya riƙe su kafin ya ruɓe. Shebur ɗaya ya isa ya watsa wannan jeri.

Su kansu mutum-mutumin, duk wadda ta taɓa ginin tukunya za ta gane aikin. Da nannaɗen yumɓu aka gina su hawa-hawa, cikinsu rami ne, irin ginin hannu da matan Gbagyi suke yi har yau a Ushafa, sana'ar da ta kai hoton Ladi Kwali kan takardar naira ashirin. An cuɗa yumɓun da dakakken dutse mai tsakuwa-tsakuwa don kada ya tsage wajen bushewa. Hudar ido da hanci da baki da kunne tana ƙara kyau, tana kuma da aiki: ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, in bai sami hanyar fita ba sai ya tarwatsa abin a cikin wuta. Bayan gini sai a shafe jikin da ruwan yumɓu mai laushi a goge shi ya yi sumul. Wannan fatar ta sama ita ce tsamin ƙasa ya fi ci, shi ya sa yawancin waɗanda ake gani a yau suke da kaushi. Ɗan abin da ya rage yana da taushi in ya jiƙe, buroshi yana tafiya da shi nan take. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wani abin lura kuma, a wuraren da masana suka tona da kansu kusan duk a farfashe ake samun su, gutsattsari a tare a cikin rami, alamar cewa tun a wancan zamani aka fasa su aka binne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cikakken mutum-mutumi mara ko ƙwarzane da dillali zai nuna masa.

Kashin maƙera kuwa ya fi kowa shan wulakanci, don ba shi da kyan gani, ana ma cike ramin hanya da shi. Ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, tanderun gargajiya kuma yana aiki ne a wajen 1,100 zuwa 1,300. To ta yaya aka sami ƙarfe? Ba narkar da shi ake yi ya zama ruwa ba. A gasa tama a farfasa ta ƙanana, a gina tanderu na yumɓu a bar shi ya bushe sarai, a dumama shi, sannan a riƙa zuba gawayin itace mai tauri irin ƙirya da tama hawa-hawa, iska tana shiga ta bututun yumɓu a gindi. Gawayin da ke ci cikin ƙarancin iska yana fitar da kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Ita ce ke zare oksijin daga jikin tama ta bar ƙarfe. Dattin dutse ya haɗu da wani ɓangare na taman ya narke a wajen digiri 1,200 ya gangara ƙasa, shi ne kashin. Ƙarfen kuma ya dunƙule ya zama curi mai ramuka-ramuka, sai an kai maƙera an yi ta duka da zafinsa kafin sauran kashin ya fita. In iska ta yi kaɗan, zafi ba zai kai ba, kashin ya daskare ya toshe bakin bututu, aikin kwana ya lalace. In ta yi yawa, ƙarfen da aka samu ya sake ƙonewa. In gawayi ya rinjayi tama ƙwarai, ƙarfen ya sha kabon ya wuce kima, ya zama mai fashewa a ƙarƙashin guduma. In tanderun bai bushe ba, ya tsage. Kuma da yake kashin yana tafiya da ƙarfe mai yawa, tama mara ƙarfi ba ta ba da komai sai kashi. Fartanya da mashi tsatsa ta cinye mafi yawansu, kashin ne ba ya ruɓewa, kuma sau da yawa akwai gutsuren gawayi a maƙale a cikinsa wanda za a iya aunawa. Da'irar jar ƙonanniyar ƙasa a gona, da fasassun bututun yumɓu a gefe, gindin tanderu ne. Garma ɗaya ta tarakta tana share shi.

Me ya sa mutane masu hankali suke ɓata irin waɗannan abubuwa? A ganinmu ba mugunta ba ce. Ɗan Adam in ya ga abin da bai san asalinsa ba, ba ya iya barin gurbin babu bayani, sai ya cike shi da labarin da ya fi kusa da shi. Gogaggen gatarin dutse da manomi ke tsinta bayan ruwan sama, mu muna ce masa gatarin aradu. Yarabawa suna danganta shi da Sango, abin bautarsu na tsawa a gargajiyance, manoman Turai ma ƙarnuka da dama sun ɗauka tsawa ce ke jefo shi, har suna ɓoye shi a rufin ɗaki don kariya. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun kai ga bayani ɗaya, saboda dalili ɗaya: bayan hadari ake ganinsa, don ruwa ne ke wanke ƙasar da ta rufe shi. Haka tukunyar da aka binne. Wani zai ce zinariya ce a ciki, sai a fasa, a tarar da ƙasa. Wani zai ce ajiyar aljanu ce, a mayar a rufe a yi shiru. Wani zai ce gunki ne, a farfasa shi don neman lada. Ga wannan na ƙarshe muna cewa, cikin girmamawa, kai rahoton abu ga hukuma ba bauta masa ba ne, kuma duba abin da mutanen farko suka bari don a ɗauki darasi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi ko Kirista.

Wanda ya fi duka ɓarna shi ne kuɗi. Dillalai sun daɗe suna ba matasan ƙauye abin da bai taka kara ya karya ba don su tona, kayan su ƙetare iyaka, a sayar da su a Turai da Amurka da tsadar da mai tonon ba zai taɓa jin labarinta ba. Masu binciken Frankfurt sun tarar mafi yawan wuraren Nok da suka ziyarta an riga an yi musu ramuka. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A shekarar nan aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faransa, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro na shekara 25. Dokarmu ma ba ta yi shiru ba. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wato NCMM, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini, ta kuma ce wanda ya tsinci abu ya sanar cikin kwana bakwai. Mutum nawa ne a wurin haƙar kuza suka taɓa jin wannan da Hausa?

Kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe misali ne na abin da ake samu in an yi daidai. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana tonon rijiya ya ci karo da itace a zurfin wajen mita biyar. Bai sassare shi ya yi makamashi ba, aka sanar da hukuma. Da aka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita takwas, mai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

To ga abin da ya kamata mai gini ko ɗan kwangila ko manomi ya yi. Da zarar diga ta taɓa abu, a dakatar da haƙa a wurin da kamar mita biyu a kewayensa, aiki ya ci gaba a wani gefen. Kada a ja abin, ko da rabinsa ya fito, domin yumɓun da ya daɗe a danshi yana da rauni, a wuya ko a kunne yake karyewa. A ɗauki hoto daga sama da kuma daga gefe yadda jikin ramin zai fito da launukan ƙasarsa, a ajiye ma'auni ko biro kusa da abin don a san girmansa, a kunna alamar wuri a waya. A auna zurfi da tef daga saman ƙasa a rubuta. Ƙasar da aka riga aka fitar daga daidai wurin a tara ta gefe guda a kan buhu, kada a haɗa ta da sauran. Sannan a rufe abin da buhu mai tsabta, a zuba yashi mai laushi a kai, don rana tana busar da shi farat ɗaya ya tsattsage, ruwan sama kuma yana zaizaye shi. Kada a sha taba a bakin ramin, kada a zuba mai ko ruwa.

In an riga an cire abin kafin wani ya yi magana, ba a rasa komai da komai ba. A bar ƙasar da ke jikinsa da cikinsa. A ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, kada a ƙulle shi da danshinsa a cikin leda, fumfuna za ta kama shi. Gutsattsari a naɗe kowanne dabam a sa a kwali ɗaya, kada a gwada manne su da gam, domin gam mai ƙarfi ba ya fita sai da naman yumɓun. In ƙarfe ne, kada a kankare tsatsar ko a shafa mai, sau da yawa tsatsar ce kaɗai ke riƙe da siffar abin. A sa alama a ramin da ya fito. Kuma kada a sa hoton da sunan wurin a Facebook ko WhatsApp kafin a kai rahoto, masu tonon dare suna karanta waya kamar kowa. A sanar da mai unguwa ko dagaci da sakataren ƙaramar hukuma, a kai labari gidan tarihi na Jos ko hedkwatar NCMM a Abuja. Sashen ilimin tonon kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Jos su ma wurare ne da za a sami wanda ya san abin.

Mun san abin da ke hana mutane magana. Mai fili yana tsoron a ce an ƙwace, ɗan kwangila yana tsoron aiki ya tsaya siminti yana jira, lebura yana tsoron a kira shi ɓarawo. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma hukuma ce ya kamata ta kawar da shi. Muna kira gare ta da ta fitar da lambar waya ɗaya da za a riƙa sanarwa a rediyo da Hausa da sauran harsunan yankin, ta faɗi cikin kwana nawa jami'inta zai iso, ta bayyana a fili matsayin filin mutum bayan an kwashe abin da aka samu, ta kuma rubuta sunan wanda ya kawo rahoto a jikin katin abin in an baje shi. Masu ba da izinin gini a Abuja da Jos su maƙala takarda guda mai wannan bayani a kowane izini, shugabannin masu haƙar ma'adinai kuma a kira su gidan tarihi a nuna musu tsingaro da kashin maƙera da gindin tanderu su riƙe a hannu, don su gane su in sun gamu da su a rami. Kai kuma, Malam Edita, muna roƙon in wakilanku sun kawo labarin an tono wani abu, a sakaya sunan wurin har sai hukuma ta isa.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kimiyya da tarihi,
Jos, Jihar Filato.